Shanyar Hantsi

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Dakoro. Ina da farin wando, ina da keke, ina kuma da tabbacin cewa duk abin da ke da suna a ƙamus yana da magani. Ciwon matata ne ya raba ni da na ukun.

Da yatsu ya fara mata. Da safe sai su ƙage ta kasa riƙe muciya, gwiwoyi su kumbura, zazzaɓi ya zo ya tafi kamar baƙon da ya san hanyar gida. Uwarta ta taso daga Ɗan Gulbi don jinya, ta duba, ta ce sanyi ne. Ba wanda ya musa, don a wajenmu duk ciwon gaɓoɓi sanyi ne, maganin sanyi kuwa rana, wadda Allah ya hore mana fiye da gero. Kullum da hantsi sai tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kwantar da ɗiyarta, ta binne mata hannuwa cikin rairayi mai zafi, tana juya ta kamar shanyar kuɓewa. Wani tabo ya fito mata a kumatu biyu, ya haɗe ta kan karan hanci. Tsohuwa ta ce sanyin ne ke fita.

Da gashinta ya fara zuba, manjo, wato babban ma'aikacin gidan likitan garinmu, ya tura mu Maraɗi. Likitan can, Bature, ya ɗebi jini ya aika Yamai. Da sakamako ya dawo muka koma, ya zaunar da ni, don ni ke jin faransanci. Ya ce sunan ciwon lupus. Ya ce a cikin jini akwai fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu gadi, to nata an gan su a madubin likita suna haɗiye ƴan uwansu. Sun yi ƙaranci, jajayen ma haka. Na tambayi magani. Ya ce akwai wani sabo a Dakar, ba ya isowa nan, ko can ɗin ma ba ya warkarwa, jinkiri kawai yake kawowa. Ya ba mu ƙwayoyin zazzaɓi da na rage zafi, sannan ya ce kada rana ta ƙara taɓa ta, don ita ke hura ciwon.

Na ce, "A Dakoro?"

Ya rufe takardar sakamakon. Ya san inda Dakoro take.

A bayan kamiyo, motar kayan da ta maido mu, kan buhunan gyaɗa, matata ta ce, "Mushe, mi ya ce?" Haka take kirana, kamar yadda yaran aji ke kiran malami da faransanci, in tana son tsokana.

"Ya ce jininki ke faɗa da kanshi."

"Wa ya tsokane shi?"

"Bai sani ba."

"Duk karatun nan?"

Daga nan, kowane wata manjo kan ɗebi jininta ya zuba a siririn bututun gilashi mai zane-zane kamar rula, ya tsayar, mu zauna mu jira. Jan sai ya riƙa kwanciya ƙasa, wani ruwa mai launin kara ya tsaya a sama. Na mai lafiya, saukar ba ta wuce faɗin farce ba. Nata kan wuce tsawon yatsa. Na soma yi mata bayani da muryar aji, ta katse ni.

"Furar da aka cika wa ruwa ce. Gari ƙasa, ruwa bisa. In ya rage sauka na samu sauƙi ke nan?"

Na ce haka ne. Muka sa ido ga wannan kaɗai.

Na toshe taga, na hana ta fita daga hantsi har la'asar sakaliya. Gari ya samu abin dariya: ɗan lakwal mai bin gida-gida yana roƙon a sa ƴan mata karatu ya sa matarsa kulle, da umarnin Nasara kuma. Liman ya tare ni a hanya ya yaba mini, karo na farko tun zuwana.

Saura surukata. Mutum ba ya jayayya da surukarsa, ba ya ma haɗa ido da ita. Sai na durƙusa bayan dangar kara, na yi wa dangar darasin ƙwayoyin jini, na rufe da, "Inna, likita ya ce rana ke ƙara mata ciwon."

Ita ma ba ni ta amsa wa ba. Ta ɗaga murya wajen ɗakin ɗiyarta: "Ke, gaya ma Malam, Bature rana ke cin shi don fatarshi ba ta nuna ba. Ke kuwa bakin gona na haife ki."

Na ce, "To, Inna." Ban san wata amsar da ake ba suruka ba.

Wata rana aka tashi yara da wuri, na dawo na tarar da tabarma a tsakar gida. Matata tana kwance, ido rufe, hannuwa cikin rairayi, fuskarta a sake yadda na daɗe ban gani ba. Tsohuwa ta shige ɗaki.

"Ni na roƙe ta," in ji matata. "Cikin duhun nan yatsuna kamar ana soka musu ƙaya. Rana kaɗai ke sakin su."

"Kin dai ga bututu."

"Na gani. Watannin farko da ban leƙo ko bakin ƙofa ba, ya bar sauka?"

Bai bar sauka ba. 

Aka yi sulhu. Da tsakar rana tsohuwa kan ɗebo rairayi mai zafi a ƙwarya ta kai ɗaki, matata ta tura hannuwa ciki. Ba a saɓa wa likita ba, ba a kunyata Inna ba. Jinin ne kawai ba a yi sulhun da shi ba. Ƙafafunta suka kumbura, sannan fuska. Manjo ya ɗora fitsarinta kan ƴar fitila, ya yi fari kamar dafaffen ƙwai. Ya ce ciwon ya kai ga ƙoda. Na ce ko mu koma Maraɗi. Ya ce, "Mushe, hanyar nan ko mai lafiya tana karya shi." Bututun ƙarshe ba ta jira shi ba. Ta ce, "Mu tahi gida, na san inda za shi."

Bayan girbi, wata safiya, ta ce a fitar mata da tabarma. Ni na ɗauka da hannuna na shimfiɗa, na tallafo ta. Tsohuwa ta fito daga madafa. A wannan ranar ce ta fara yi mini magana kai tsaye, idonta cikin nawa.

"Malam, ba likita ya hana ba?"

"Ya hana, Inna."

Ta dubi tabarmar. Sannan ta kwance gyalenta, ta zauna wajen kan ɗiyarta, ta riƙe shi da hannu biyu ya yi wa fuskar inuwa. Hannuwan muka bar wa rana. Haka muka riƙa yi kullum da hantsi, ni da ita, har kwanan ya ƙare. Ba ta ga damina ba.