Ruwan da Ƙasa Ta Shanye

Har yau in na ji ƙamshin shinkafar da ake turarawa, Iya nake tunawa. Iya kakata ce, mahaifiyar Babanmu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya iya kama sunana sai dai ya ce Ummi, ita kuwa ta ce Takwara. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin ƙaramin kanal da ke kawo ruwan Tiga, inda rani da damina ba a rasa kore a gona. Maza suna wajen ban ruwa, mata suna gida da shanshera, wato shinkafar da ba a kai ta inji ba tukuna. Sana'ar Iya ke nan tun kafin a haife ni. Bayan magariba take hura wuta da kara da ɓuntu a ƙarƙashin rabin duro, ta ɗumama ruwan da shinkafar za ta kwana a ciki, da asuba ta turara. A bakin wutar nan muke taruwa, mu jikokinta da yaran maƙwabta, kowa da ɗan buhun da zai zauna a kai.

Iya tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta gyara itace, ta kalli ƙofar gida, ta ce, "Ga baƙuwa can a zaure." Mu ce, "Ta shigo, Iya!" Ta ce, "Ta ce ba ta shiga gidan masu surutu." Nan take wuri ya yi tsit.

A farkon shekarun dubu biyu nake magana, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Ina cikin 'yan hadda a makarantar Malam da ke bayan masallaci, kuma ba yabon kai ba, kaina yana ja. Daga ƙasa muke farowa muna hawa, ni har na kai Yasin, sa'o'ina suna bayana. Sai zazzaɓin taifot ya kwantar da ni. An kai ni asibiti a Kano, na daɗe ban san inda kaina yake ba. Da aka dawo da ni gida gashina ya zube, ƙafafuna kamar sillen kara. Amma ba gashin ne ya dame ni ba. Ranar da na koma makaranta Malam ya ce in ɗan karanta masa inda na tsaya, na buɗe baki, wallahi babu komai. Ya sauko da ni ƙasa, babu. Ya ƙara saukowa, babu. Hadda ta zube kaf, sai 'yan gajerun surori da na tsira da su.

Malam bai yi mini faɗa ba, Allah Ya jiƙansa. Ya karɓi allona ya rubuta mini surar Tabaraka, ya ce, "Daga nan za mu sake tashi." Ka'idarsa kuwa ɗaya ce ga kowa: ba a wanke allo sai an ba da abin da ke kansa da ka, babu gargada. Ni da nake wanke allo kusan kullum, sai ga shi rubutu ɗaya ya zauna mini har tawadar ta fara koɗewa. Akwai wata aya wajen tsakiyar surar, ko da muka lallaɓa muka isa gare ta, nan nake cijewa. In na kama ta da dare, da safe ta gudu. Aka mai da ni layin ƙananan yara, waɗanda a da ni nake biya musu. Ba wanda ya yi mini dariya a fili, amma kallon tausayin nan ya fi dariya ciwo.

Wata Laraba na dawo, na jingine allon a bayan rumbu, na ce na gama. Baba ya daɗe yana kallona, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ummi, ciwon nan ya taɓa ki, kowa ya sani. Ki huta. Ranar Asabar zan je in gaya wa Malam ya ɗauke miki." Iya tana gefe tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Washegari bayan magariba ta hura wutarta. Na zauna can nesa, ina cika ina batsewa. Ta ce, "Ga baƙuwa can a zaure." Yara suka amsa, ni na yi gum. Ta ce, "Ta ce sai Takwara ta yi mata izini." Dole na ce ta shigo.

Iya ta ce a zamanin da, kafin a zo da kanal, da jigo ake ban ruwa: doguwar sanda a kan gwafa, guga a gaba, curin laka a baya, mutum ya tsaya a bakin kogi yana ɗebowa yana zubawa a lambatu, ruwa ya bi ya tafi fangali, inda shuka take. To akwai wani mutum, da aka raba bakin kogi yana kwance ba lafiya, kafin ya tashi kowa ya kama kusa da ruwa. Shi sai can ƙurya ya samu, har sunan ya bi shi, ana ce masa Na-Ƙurya. Ya haƙa lambatu dogo a cikin yashi, ya shuka albasa, ya kafa jigo. Ya zuba guga, ƙasa ta shanye. Ya ƙara, ta shanye. Tun safe har rana ta faɗi, ruwa bai wuce tsawon tabarma ba. Maƙwabtansa sun gama sun wanke ƙafa, suna ce masa, "Na-Ƙurya, yashi kake yi wa wanka?"

Da abin ya ishe shi, ya durƙusa ya ce, "Ke ƙasa, yaushe za ki ƙoshi?" A nan Iya ta sauke murya, ta yi ta kamar daga cikin randa. Ƙasa ta ce, "Zuba dai."

Ya yi ta zubawa. Danshi ya riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, har ya kusa rabin hanya. Sai ciwo ya sake kayar da shi. Da ya miƙe ya je, ya tarar shanu sun tattake lambatun, iska ta cike shi, ya bushe ƙayau kamar ba a taɓa ɗiga masa ruwa ba. Ya zauna ya yi kuka, kukan babban mutum. Ya ce, "Ke ƙasa, ina ruwana?" Ta ce, "Zuba dai." Ya share hawaye, ya sake haƙa, ya kama igiyar guga.

Ana nan sai wata shekara sama ta riƙe ruwa. Kogi ya ƙafe har tsakiya, jiguna suka tsaya cirko-cirko, rijiyoyin gari sai laka. Mutane suna ɗaure kaya za su tashi, sai wata tsohuwa ta ga jakinta yana tonon ƙasa a gefen lambatun Na-Ƙurya, inda wata 'yar ciyawa ta ƙi bushewa. Aka sa fartanya. Ba a kai tsawon hannu ba ruwa ya ɓulɓulo, garai-garai, mai sanyi. Aka matsa gaba aka tona, ruwa. Duk tsawon lambatun nan ruwa ne kwance a ƙasa. Gari guda ya sha, dabbobi suka sha, ba wanda ya tashi. Ƙasa ta ce, "Na-Ƙurya, ajiya ka ba ni, ga ta nan."

Iya ta karkaɗe zaninta, ta ce, "Baƙuwa ta ɗauki takalmanta, sai ku yi mata rakiya."

Ni kuwa ban gamsu ba. Na ce, "To albasar tasa fa, Iya? Ta yi?"

Ta ce, "Oho. Wadda ta ba ni labarin ba ta gaya mini ba, ni ma ba zan yi miki ƙarya ba."

Haushi ya kama ni. Na ce, "To ai wahalar banza ya sha!"

Ta ce, "Ke kika ce. Tashi ki ɗauko allon nan a bayan rumbu, kafin gara ta riga ki haddacewa." Yara suka kwashe da dariya, ni ma sai da ta kuɓuce mini. Ta ce, "Ni ban san baƙi ko ɗaya ba, Takwara, amma ina da kunne, kuma zaman wutar nan ni kaɗai ya ishe ni. Kullum in yara sun watse ki zauna nan ki karanta da ƙarfi. In kin cije ki koma farko. Ba mai jin ki sai ni da duro."

Da Baba ya shigo daga sallar isha ta ce masa, "Kai, ka bar mini Takwarata. Ba inda za ka ranar Asabar." Ya ce, "To, Iya." Magana ta mutu.

Haka muka yi. Tana juya shanshera da muciya, ina Tabaraka. In na zo ayar nan na cije, sai ta ce, "Zuba dai," ba tare da ta waigo ba. Wani lokaci in yi jifa da kaina a buhu in ce ba zan iya ba, ta bar ni in gama kukana, sannan ta turo mini allon da gefen hannu. Aka girbe shinkafar rani, aka yi dashen ta damina, ina nan a sura ɗaya. Ranar da na ba wa Malam ita daga farko har ƙarshe, ya ce in je in wanke, da sauri na nufi bakin randa.

Kada a ɗauka daga nan komai ya dawo. Ina! Kan nan nawa na da bai dawo ba har yau. Abin da nake kamawa a zama ɗaya, ya koma sai na yi ta bi ina maimaitawa. Sa'o'ina suka sauke, aka yi musu walima, na ci shinkafarsu na yi musu barka, na dawo gida na yi kukana a ɗaki. Ni sai da na yi aure, da goyo a bayana, sannan na kai ƙarshe. Shekaru da yawa ina ɗauka ma'anar tatsuniyar ke nan: ka daure, wata rana ruwa zai kai fangali. Ashe ban fahimce ta ba.

A ƙarshen rayuwarta tsufa ya ci ƙarfin Iya. Ta daina gane mutane. Baba ya shiga gaishe ta, ta ce wane ne wannan. Ni ma Takwarar tata sai ta kalle ni kamar baƙuwa. Da jikin ya yi tsanani aka aiko mini, na zo na zauna a gefen katifarta da la'asar, na riƙe hannunta, na fara karanta mata Tabaraka. Na zo daidai ayar nan, sai na tuna duro da muciya da hayaƙin ɓuntu, kuka ya ci ƙarfina, na kasa gaba.

Sai na ga leɓɓanta suna motsi. Na kai kunne. Allahu akbar! Iya ce take ɗora mini ayar, daidai, harafi bai faɗi ba, har da irin jan muryar da nake yi ina yarinya. Matar da duk rayuwarta da Fatiha da 'yan gajerun surori take sallah, matar da ta manta sunan ɗan da ta haifa. Ta kai ƙarshen ayar ta shiga ta gaba, na bi ta, muka tafi tare, muryarta tana ƙasa tawa tana rawa, har muka kai ƙarshen surar. Baba yana bakin ƙofa, ya juya fuskarsa ga bango. Bayan kwanaki kaɗan Allah Ya karɓi abarsa.

Na sha tunanin darerrakin nan da nake ganin asara ce, duk cijewar da na yi, duk komawa farkon da na yi ina jin kunya. Da a ce kaina bai taɓu ba, da na haddace surar nan cikin 'yan kwanaki na wanke allo na wuce, da Iya ba ta samu ko aya ɗaya ba. Gazawar tawa ce ta sa na maimaita har ta zauna a ƙirjinta, ta tafi kabarinta da ita. Ban sani ba ko ta san haka zai faru, ko dai jikarta kawai take lallashi. Ban samu na tambaye ta ba, kuma abin yana yi mini zafi har gobe.

Yanzu ina da 'yan mata da nake biya wa a tsakar gidana. In wata ta zo tana hawaye ta ce haddarta ta zube, ba na yi mata dogon wa'azi. Nakan tambaye ta ko akwai tsohuwa a gidansu. In ta ce akwai, sai in ce ta je ta zauna kusa da ita, ta karanta da ƙarfi.