Ya Zo Da Ƙafarsa

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zai kwashe ranar da na fara zuwa gaida mahaifin yarinyar da nake nema ba. Ni gurgu ne, shan inna ta kama ni tun ban iya magana ba. Na faɗa da bakina don kada wani ya wahala yana nemo mini kalma mai taushi. A kan katako mai taya huɗu nake yawo, ina tura ƙasa da hannuwa sanye da tsofaffin silifa, kuma da shi nake zuwa shagona na gyaran salula a bakin kwalta a Gure.

Kawuna ne ya kai maganar, ya dawo da amsa. "Ya ce yaron ya zo da ƙafarsa ya gan shi." Kawu ya faɗa ya ci gaba da taunar goronsa. Da ƙafata? Na ce a raina gori ne: in ban iya kai kaina ƙofar gidansa ba, ba zai ba ni 'yarsa ba.

"Kai ka cika zafin kai," in ji Kawu. "Zan kira kabu-kabu, a ɗora ka a sauke ka."

Na ce, "Kawu, buhun hatsi ake ɗorawa a sauke. In aka sauke ni a gabansa, na rasa ta."

Matsalar ita ce hanya. Daga gidanmu kwalta ce, sai jar hanya mai tsakuwa, daga ƙarshe rairayi har ƙofarsu. Tayoyina kuwa boris ne na ƙarfe. A kan siminti ba su da laifi, amma ƙaramar tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da su cak, ni in wuce gaba da fuska. Sai na nufi kasuwa wurin mai kayan gwanjo, na san yana da tsofaffin allunan zamiya na yaran birni, waɗanda suke kira siket. Ya miƙo mini wasu ƙananan tayoyi farare masu ƙyalli.

"Ga na 'yan gayu. Ba mai kamo ka da waɗannan."

Na danna ɗaya da farce, ko gezau. Taya mai tauri ta wurin santsi ce, ta masu tsalle da juyi a dandamali, ni kuwa ba wasa zan je yi ba. Na tono wasu a ƙarƙashin tarkace, manya, masu faɗi, launinsu ya koɗe. Na danna, farce ya shiga. Irin waɗannan suna haɗiye tsakuwa su wuce.

"Rairayi fa?" na tambaye shi.

Ya yi dariya. "Rairayin Gure? Ai ko mota sai ta rage iska."

Na ce a ba ni su haka. Da na ɗaura, sai suna gogar katako in na karkata, na ƙara ɗan itace a tsakani na ɗaga shi.

Ran tafiya, bayan la'asar, na sa farar shadda na tattare ta a cinya. A kwalta ko ƙara babu. A tsakuwa na wuce ina jin kaina kamar mai sabuwar mota. Na shiga rairayi da gudu, na ɗan taɓa gaba, sai tayoyin suka nutse, ga ƙofar gidan ina hange. Mutanen da ke zaune a gindin bishiyar bedi suka taso za su ciccibe ni.

Na ce, "Duk wanda ya taɓa ni ban yafe ba!"

Suka ja baya. Ina turawa hannu yana nutsewa, gumi ya jiƙa ni, shadda ta koma ja. Gaskiya na ji kunya, na ji kamar in yi kuka, amma ban daina turawa ba. Can sai dattijon, mahaifin yarinyar, ya fito daga zaure, ya dube ni, ya koma ciki. Na ce shi ke nan, magana ta mutu.

Sai ga shi da tabarmin kaba biyu a hammata. Ya shimfiɗa ɗaya a gabana.

"Baba, na ce ba na so a ɗauke ni."

"Wa ya ɗauke ka? Tabarma na shimfiɗa wa baƙona."

Na hau. Faffaɗan tayoyin nan suka bi saƙar kaba sumul, inda ƙananan da sun maƙale. In na wuce ɗaya sai ya ɗauko ta ya kai gaba, da hannunsa, ya hana kowa kama masa, har muka shiga zaure.

Muna gama gaisawa na ce, "Baba, ka ce in zo da ƙafata. To, ga ni."

Ya riƙe baki. "Subhanallahi! Haka ka ɗauki maganar? Ɗana, ai haka ake cewa. Yarinyar nan ta cika mana kunne da labarinka, wallahi har na manta ba ka da ƙafar." Sannan ya ce in faɗa wa Kawu ya turo manya.

Har gobe ba na yarda a ɗauke ni, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kan haka ba. Amma a ranar na koyi rabe mutane biyu da a da nake yi musu kallo ɗaya: mai son ya ɗauke ka, da mai gyara maka hanya ka iso da kanka. Na farko har yau ina korarsa. Na biyun, 'yarsa ce uwar 'ya'yana.