Audu Tartsatsi da Batirinsa Razdan

Duk wanda ya san kakana Malam Audu ya san abin da ke cikin hularsa. Wasu tsofaffin, goro suke ɓoyewa a nan, shi kuwa guntun waya ne, an feɗe bakinsa biyu. In ya ga batiri, ko na waye, ko a ina, sai ya tuɓe hula ya ce, "Bari mu ji ta bakinsa," ya haɗa kan nan da kan can. Tas! In wuta ta tashi ya gyaɗa kai, in ba ta tashi ba ya ce gawa ce. Shi ya sa daga Karaye har Rogo ba mai kiransa sai da Audu Tartsatsi.

Kun tuna ranar sunan ɗan Kawu Sale? Liman yana tsakiyar addu'a a lasifika, mu mata muna cikin gida muna amin, sai muka ji tas, lasifika ta yi gum, sai salati, sai ƙaurin gashi. Ashe Kaka ne ya lallaɓa ya ji ta bakin batirin lasifikar. Ya shigo gida rabin gemunsa babu. Na dafe ƙirji na ce, "Innalillahi! Kaka, gemun fa?"

Ya shafa wajen ya ce, "Amarya, gemu ai tsirowa yake. Amma batirin nan na ƙwarai ne." Amarya yake ce min tun ina rarrafe, irin tsokanar kaka da jika.

Abin ya samo asali tun zamanin Turawa, lokacin yana saurayi yana karen mota a babbar motar da ke kwasar gyaɗa daga Rogo zuwa Kano. A wajensa ba a taɓa ƙera abu mai daraja kamar batirin babbar mota ba. "Abin da ya tayar da lodin gyaɗa daga kwance," in ji shi, "me zai gagare shi?" Mun ji labarin nan har mun haddace. Kakarmu kuwa, Inna Kulu, ko ɗaga kai ba ta yi in ya fara, tsintar shinkafarta kawai take. Shi ma bai taɓa kiran sunanta ba, irin na mutanen da. "Ke," ko "ku gaya wa ta cikin ɗaki," shi ke nan. Har na yi aure na haihu ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba.

Da aka yi dam ya koma sana'ar su, ya yi shekaru yana kamo karfasa da tarwaɗa, ni nake yi masa banda ina kaiwa kasuwa. Sai tsufa ya kama kafaɗunsa, filafili ya fara gagararsa. Babana da Kawu Sale suka ce ya bar ruwa. Wallahi sai da ya yi kwanaki abinci ba ya shiga. Da suka ga zai mutu musu a kan tabarma, suka samo masa ɗan injin kwalekwale mai aiki da batiri, wanda ba ya ƙara balle ya kori kifi. Amma da sharaɗi. Babana ya ce, "Baba, duk ranar da aka jawo ka zuwa gaɓa, ka gama da ruwa." Ya ce ya ji.

Ni na raka shi shagon Ɗan'azumi mai kayan sola ranar kasuwar Karaye. Ɗan'azumi ya jawo wani baƙin batiri mai nauyin tsiya ya ce, "Baba, wannan ne naka. Na mota bugu ɗaya yake yi ya tayar da inji, daga nan inji ya ci gaba da ciyar da shi. In kana tatse shi kullum har ƙasa, ba zai daɗe ba. Wannan kuwa a hankali yake bayarwa, tun safe har yamma, a yi caji ya dawo."

Kaka ya kai hannu hula. Ɗan'azumi ya yi tsalle ya rufe batirin da ƙirjinsa. "Don Allah Baba, kar ka kashe min kaya!"

Kaka ya dube ni ya ce, "Kin gani? Batirin da ake ɓoyewa kamar mai jego. Tashi mu tafi."

Washegari ya hau mota ya tafi Rogo wajen wani bakanike, ya dawo da tsohon batirin babbar mota. Wai da ya gwada shi sai da wayar ta yi ja ta ƙone masa yatsa. Yana nuna mana ƙunar yana murna kamar wanda aka yi wa sarauta. Ya raɗa masa suna Razdan, wato babban Baturen mulki na zamanin da. Filafilinsa kuma ya soke shi a rufin ɗakin kaji, ya ce Razdan ba ya tafiya da ɗan rakiya.

Da fari abin ya yi kyau. Sannu a hankali na lura kifin yana raguwa, Kaka kuma yana dawowa tun hantsi. In na tambaya sai ya ce kifin ne suka yi wayo.

Ran nan ina bakin murhun banda, azahar ta wuce, sai ga matar maƙwabcinmu a guje ba mayafi. "Ku fito! Tartsatsi ya tsaya a tsakiyar ruwa!" Jama'a, ban san lokacin da na isa bakin dam ba. Can nesa ga kwalekwalensa cak, iska tana ta juya shi. Masunta sun kewaye shi da igiya a hannu, shi kuwa ya ɗaga sanda. Wanda ya dawo ya ba mu labari ya ce da suka matsa sai ya daka musu tsawa: "Wanda ya taɓa jirgin nan ban yafe ba! Kifi nake jira!"

"Baba, ai ko raga ba ka jefa ba."

"Da ido nake kamawa!"

Babana ya iso yana huci, ni ina kuka ina zaginsa a zuciya, tsoho da rana a ka, ba ruwan kirki a cikinsa. Inna Kulu ta zo ta tsaya a bayanmu. Can muka ga kwalekwalen ya fara motsi, wani abu yana walƙiya a gefensa. Murfin samirar da na zuba masa ɗumame! Da shi yake tuƙi, da waɗannan kafaɗun, ya ja dama ya ja hagu, jirgin yana tafiyar maye. La'asar ta yi sanyi kafin ya taɓa gaɓa. Leɓensa ya bushe. Ya dubi Babana ya ce, "To, wa ya jawo ni?"

Babana ya kama jirgin ya ɗaure. Sharaɗi dai bai karye ba.

Da safe Inna ta kwance tunkiyarta ta ba ni, ta ce in sayar in sayo batirin Ɗan'azumi. Da Kaka ya gan shi a ƙofar ɗaki ya fara bambami, wa ya aike mu, wa ya ce Razdan ya mutu, zazzaɓi kawai yake. Inna ta ɗago kai daga tsintarta ta ce, "Malam, ni ba zan ƙara tsayawa a bakin ruwa ba." Iyakar maganarta ke nan. Tsohon nan da ya kori masunta da sanda ya bar bambami nan take. Ya ɗauki sabon, amma Razdan ma bai bar shi ba: ya ɗora masa buhu ya mai da shi kujerar zama a cikin jirgi. Wai ba a sauke babban mutum haka kawai.

Tun daga ranar yake fita da safe ya dawo da yamma, kullum da kansa. Wayar tana nan a hula, amma ko sau ɗaya bai kusanci sabon batirin da ita ba. Na yi ta tsokanarsa, "Angona, wannan ba shi da suna ne?" Sai ya ce in kama harkar gabana.

Inna ta riga shi rasuwa da damina ɗaya. Bayan arba'in na je bakin dam karɓar kifi, na iso ta bayansa bai gan ni ba. Yana durƙushe yana kwance batirin daga jikin inji. Ya goge shi da gefen rigarsa, ya ɗan bubbuga shi ya ce a hankali, "Sannu, Kulu. Yau ma kin kawo ni gida."

Kwandon da ke hannuna ya faɗi. Na juya na koma ba tare da kifin ba, don kar ya san na ji.

A kan gadonsa ya cika, ba wanda ya taɓa jawo shi zuwa gaɓa. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yafe masa taurin kai da duk batiran mutane da ya ƙona. Ya haskaka kabarinsa da na Inna, Ya sada su a inda zai kira ta da sunanta ta amsa. Amin.