Mun Je Rogo Ɗauko 'Yar Inna

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kano ranar Alhamis ɗin da ta wuce, ni da maigidan da ƙananan yaranmu biyu, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi. Masu bibiyata a nan sun san na samu gurbin karatun digiri na uku a Malesiya, kuma makon farko na sabuwar shekara za mu tashi da iyali, shekara huɗu za mu yi. Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne, fasfo huɗu ne a hannunmu, alhali mu biyar ne. Ta biyar ɗin ita ce 'yarmu ta fari. Tun da aka yaye ta surukata, wato Inna, ta ɗauke ta, yau shekara takwas ke nan tana hannunta a Rogo. Ni ko sunanta ba na kamawa saboda kunyar 'yar fari, "'yar Inna" nake cewa, ita kuma "Anti" take ce mini. Sau biyu maigidan yana ɗauko maganar a waya, sau biyu mahaifiyar tasa tana cewa ba ta ji sosai, sabis babu kyau. Ga shi an ba mu ranar Litinin a kai yarinyar ofishin fasfo a ɗauki hotonta da yatsunta. In ranar ta wuce, sai dai mu tafi babu ita.

Gari ya waye mana a wajen Rimin Gado, inda muka tsaya shan kunu da ƙosai. Ƙosan ɗari biyar yanzu ko tafin hannu ba ya cikawa, amma da zafinsa, kuma mai tuyar ta yi wa yara gyara. Daga nan titi ya yi ta canza hali. Wani wuri sumul, wani wuri sai maigidan ya tsaya ya zaɓi ramin da ya fi dama-dama ya faɗa. An gama girbi, gonaki sun yi fayau, ko'ina tarin kara da buhunan masara, ga motoci sun yi lodin rake har suna tafiya a karkace.

Wajen ƙarfe tara muka shiga Karaye, garin su maigidan. Aiki biyu ya kai mu. Na farko takardar shaidar asalin yarinyar a sakatariya. Na yi zaton za mu wuni, sai ga shi kafin sha ɗaya an buga hatimi, domin mai unguwarsu ya riga ya sa hannu tun makon jiya. Na biyu kuwa ɗaukar Baffa, ƙanin mahaifin maigidan, malami ne mai makaranta a Unguwar Hajji. Shi muka shirya zai roƙar mana Inna. Kafin mu tashi sai da iyalinsa suka ajiye mana soyayyen kifin dam ɗin garin da yaji, irin wanda in ka fara ba ka jin ana yi maka magana. Baffa ya saɓa babbar riga ya shiga gaban mota yana cewa, "Ku kwantar da hankalinku. Matar yayana ce, shekara arba'in na san ta. Kafin la'asar an gama."

Hanyar Rogo ƙamshi gare ta a wannan lokaci. Gonakin rake hagu da dama, nan da can hayaƙi na tashi inda ake dafa mazarƙwaila a manyan kasake. Muka tsaya a wani wurin, masu aikin suka zuba wa yara mai ɗumi a ganye, suka ƙi karɓar ko sisi da suka ji baƙi ne. Ni kuwa ko ɗanɗanawa ban iya ba. Tun daga Karaye hankalina yana gidan Inna.

Tun rasuwar mijinta Inna ta koma cikin danginta a Rogo, gidanta na jikin na 'yarta, ƙanwar maigidan. Ta tarbe mu da murna, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya. Sai ga yarinyar ta dawo daga makaranta. Ta yi tsawo, ta kusa kafaɗata. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Anti, sannunku da zuwa." Na amsa ina kallon tabarma. Aka kawo tuwon masara miyar kuka da man shanu, da zabuwar da aka yanka dominmu.

Bayan la'asar Baffa ya gyara zama. Ya yi salati, ya jawo falalar neman ilimi, ya bi ta kan zumunci, ya sauko kan haƙƙin iyaye. Ya fi rabin awa. Inna na zaune tana ɓare gyaɗa. Da ya kai aya sai ta ɗago ta ce, "Malam, wannan wa'azi ya yi daɗi, Allah Ya ƙara basira. A kawo maka rake?" Maigidan ya sa baki, ta ce masa, "Kai kuma da ka zo ko akuyar da ta haihu ba ka leƙa ba." Shi ke nan, ta tashi alwala. Baffa ya fito zaure yana gyara hula, ya ce da mu, "Wato lamarin yana son a bi shi a hankali." A Rogo muka kwana ba tare da an samu komai ba.

Da safe na iske Inna a madafa tana dama koko, ita kaɗai. Na gaishe ta, na tsuguna kusa da ita, na rasa ta inda zan fara. Sama da shekara goma ina aure a gidan, ban taɓa neman wani abu a wurinta da bakina ba. Na dai runtse ido na ce, "Inna, don Allah ki ba ni 'yata in tafi da ita."

Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Wace 'yar taki?"

Na faɗi sunan. Rabona da furta shi tun ranar suna.

"To, yanzu na ji magana," in ji ta. "Ranar da na ɗauko ta, daga bayanki na kwance ta. Ba Malam ne ya ba ni ita ba, ba kuma mijinki ba. Shekara takwas kina zuwa gidan nan kina kallon ƙasa, ban taɓa ji kin ce kina kewarta ba. Sai kawai a aiko mini da maza da wa'azi, in ɗauki yarinya in ba wadda ban san ko tana son ta ba, a kai ta bayan teku?"

Na ce, "Inna, kunya ce. Wallahi babu ranar da ba na tunaninta."

"Na sani. Ni ma na yi ta a kan mijinki, har ya girma yana zaton ba na ƙaunarsa. A can inda za ku babu ni, babu gwaggonta. In kin ci gaba da kunyar nan, wa za ta gaya wa in cikinta na ciwo?"

Ta ƙwala wa yarinyar kira, ta zaunar da ita a tsakaninmu, ta gaya mata komai ba ɓoye-ɓoye, sannan ta ce ta faɗi ra'ayinta. Yarinyar ta ce, "Wa zai riƙa ɗiga wa Inna maganin ido?" Inna ta ce gwaggonta na nan, katanga ɗaya ce tsakani. Sai yarinyar ta juyo gare ni: "A can akwai Islamiyya? Na kai izu tara." Na ce akwai, ni da kaina zan riƙa kai ta. Ta ce to za ta je. Mu uku muka yi kuka a madafar nan har koko ya yi gudaji.

Da labari ya kai zaure, Baffa ya yi hamdala ya ce dama ya san jawabin jiya sai ya kwana zai yi aiki. Babu wanda ya musa masa.

Sauran safiyar ta tafi a haɗa kaya. Ashe Inna ta fi wata tana tanadi: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, mazarƙwaila, har da sababbin kaya kala uku da ta ɗinka wa yarinyar. Maigidan ya ce jirgi yana da iyakar nauyin da yake ɗauka. Ta ce, "Jirgin da ke kwasar alhazan gari guda ne ƙullin daddawa zai gagara?" Muka loda duka. Maƙwabta suka cika ƙofar gida, Baffa ya yi doguwar addu'a, Inna ta dafa kan kowannenmu. Ba ta rako mu waje ba, kuma na fahimci dalili.

Muka sauke Baffa a Karaye bayan sallar Juma'a, muka iso Kano ana kiran magariba, mu biyar a mota. Ranar Litinin aka ɗauki hoto da yatsu lafiya lau. Yau da nake rubutun nan akwatuna shida ne jere a falo, muna ta fama da sikeli.

Na yi wata uku ina bin takardu daga ofis zuwa ofis, ina ganin su ne wahalar tafiya. Wannan zuwa Rogo ya nuna mini cewa akwai abin da ba a aika wakili a kansa, komai girman rawaninsa. Duk mai shirin ƙaura da iyali, ya ware lokacin mutane kamar yadda ya ware na biza, ya je da ƙafarsa, ya faɗi abin da ke ransa da bakinsa.

Har yanzu ni da ita muna koyon juna. Jiya na yi miyar kuka, ta ɗanɗana, sannan ta ce cikin ladabi, "Umma, gobe ki bari ni zan kaɗa." Yau na bar mata. Ta fi tawa daɗi nesa ba kusa ba.