Jan Zare a Bayan Saba

Ƙarfe sha ɗaya da kwata na wata safiyar Laraba na sake kunna sabar, daga nan komai ya tsaya.

Lokacin ina ɗalibar koyon aiki a ɗakin kwamfuta na wani ƙaramin asibiti a Anka. Sabarmu ɗaya ce, baƙin akwati mai gurnani, amma kwamfutoci da dama ke zaune a cikinta, marasa jiki, kowace da aikinta. Ɗaya ita ke riƙe da sakamakon gwajin jinin yaran da ake duba wa gubar dalma. Ƙofofin da ake soka waya a bayanta sun yi kaɗan, shi ne injiniyan da nake ƙarƙashinsa ya bar mini sabon katin netwok mai ƙarin ƙofofi in saka, ya tafi ta'aziyya Gummi.

Ban yi garaje ba. Kafin in zare wayoyin sai da na ɗaura wa kowace zare daga kwandon ɗinkin Inna, ja ga ta farko, kore ga ta biyu. Na kashe, na buɗe, na danna katin ya zauna, na mayar da kowace waya ƙofarta. Sabar ta tashi, fitilunta na ƙiftawa, amma babu kwamfutar da ke ganin ta.

Malamar ɗakin gwaji ta leƙo.

“Ke 'yar boko, mi kika taɓa? Allona ya mace!”

Ta nuna taga da hannu, ta ci gaba.

“Ga mata can daga Bagega da ɗiyansu. Motarsu ba ta kai la'asar, kin san hanyar nan. In bar su su tahi ba su san ko a ci gaba da magani ba?”

Ta taga na hango su a gindin darbejiya. Wata na yi wa yaronta fifita da gefen mayafi. Na tabbata na shafe jinin yaran nan gaba ɗaya, sai an sake tsira musu allura.

Na duba zaren ya fi a ƙirga. Ja a wurinsa, kore a wurinsa. Wannan ya fi komai ba ni tsoro, domin ban ga kuskuren da zan gyara ba. Na kira injiniya, layi ya ƙi shiga. Aka kira azahar ina tsugune a bayan akwatin.

Sai da aka sallame sallah sannan layin injiniya ya shiga. Na zayyana masa komai. Ina jin masu gaisuwa a bayansa.

“Ba ki shahe komi ba, ɗiyata,” in ji shi. “In baƙon kati ya shigo, sabar nan sake raba ma ƙohohinta lamba takai. Ta ba baƙo lamba ta hwarko, tsohin ƙohohi sun matsa baya. Ɗauki mai jan zaren nan ki soka ta ga sabon katin. Inda allon malama ya amsa, nan ne gidanta yanzu.”