Malama Liatu da Bauchin Laka

Kafin a kaɗa ƙararrawa Malama Liatu ta iso makaranta. Ba ta shiga ofishin malamai. Bayan ajin ƙarshe take zagayawa, ta durƙusa, ta tsince ganyen da ya zuba a kan Bauchi, ta share kashin awaki daga hanyar Jos. Haka ta yi shekara da shekaru. Watan jiya ta yi ritaya.

Sunana Ɗanlarai, a Ƙofar Dumi nake. Magini ne ni, na ƙasa ba na bulo ba. Ba na yabon mutum don ya ji daɗi. Wannan matar ta cancanta.

Ranar da ta fara zuwa wurina, ina zaune babu aiki, don mutane sun koma siminti.

"Baba, magini nake nema."

"Ɗaki ko katanga?"

"Gari."

"Malama, rana ce ta buge ki?"

"Gari nake so, da duwatsunsa da rafukansa. Amma kada ya wuce faɗin tabarma huɗu."

Labarin ƙasa take koyarwa. Ta ce yara suna haddace kogunan wasu ƙasashe, ba su san inda ruwan ƙofar gidansu yake tafiya ba. Na kwaɓa ƙasa, tana nunawa ina ɗorawa. Miri a yamma, Inkil a gabas, tsohon gari a tsakiya da ganuwarsa. Inda tudu yake muka yi tudu, inda kwari yake muka yi kwari.

Buta ce allinta. Takan tsiyaya ruwa a kan duwatsun, yara su bi shi da ido. Daga nan darasi yake tashi, kuma ba a wuri guda yake tsayawa ba. Yau ta ce ga dalilin da ya sa mutanen farko suka zauna a nan ba a can ba. Gobe ta ce ga inda shinkafa take yi, ga inda sai gero. Jibi sauro, gata kasuwa. Na taɓa ce mata, "Malama, ke wane fanni ne naki? Kin shiga gonar kowa." Ta ce, "Baba, gonar kowa a kan ƙasa take."

Shekarar da amai da gudawa ya shiga wata unguwa, ta jiƙa shuni a butar. Ta zuba a inda kwatami yake. Ruwan ya gangara, ya taru a ƙananan ramukan da muka yi a matsayin rijiyoyi. Wata ɗaliba mai suna Humaira ta koma gida ta hana a sha rijiyarsu har ta sha faɗan kakarta. Yau Humaira ma'aikaciyar lafiya ce. Da bakinta ta gaya mini a bakin taswirar nan ta zaɓi aikinta.

Akwai ranar da ɗan manomi da ɗan makiyayi suka ba hammata iska a ajinta, kan ɓarnar da shanu suka yi a garinsu. Ba ta ɗauki bulala ba. Ta kai su bakin taswirar, ta ba ɗaya tsakuwa ta ce shanu ne, ya kai su mashaya ba tare da ya taka gona ba. Ya kasa. Ta ba ɗayan, shi ma ya kasa. Gonaki da gidaje sun cinye burtali. Ta ce, "To, ku daki junanku idan shi zai buɗe hanya." Ina wurin, ina gyaran ganuwa.

Wani shugaban makaranta ya tausaya mata. Ya ce a zuba wa taswirar siminti ta huta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, Bauchin ce ta daina motsi? Bara nan fadama ce, bana unguwa." Shi ya sa taswirar ta zauna a laka. Duk shekara kafin ruwan fari mukan gyara abin da ya canza, mu shafe ta da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da muke kare gini da shi. Shekarar da ba a shafa ba, damina ɗaya ta isa ta mayar da ita taɓo.

Malama, ke ce kika riƙe darasin da yara suka yi ta gudu, don an ce musu ba ya kai mutum likita ko lauya. Na ga ajinki ya cika, na ga ya ragu har kujeru sun fi mutane. Ba ki rage murya ba. Maigidanki ya rasu, 'ya'yanki suka yi nisa, kika dinga cin abincinki ke kaɗai a gindin dogonyaro kina kallon garin laka. Uwar taswira, mai buta.

Ranar sallamarta an yi jawabai, an ba ta agogon bango. Babu wanda ya ambaci bayan aji. Har yau ba a turo wanda zai gaje ta ba.

Makon jiya na leƙa. Na same ta ita kaɗai a durƙushe, tana toshe wata tsaga da yatsa. Ta so tashi, gwiwa ta ƙi. Na miƙa mata sandata, ni ma na kusa faɗuwa.

"Baba Ɗanlarai, mun tsufa."

"Ke kika tsufa. Ni ƙasa ce take kirana."

Ta yi dariya, sannan ta dubi gabas. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Inkil.

Na gode, Malama. Kin ba hannuna aiki lokacin da gari ya manta da shi. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar gwiwa.

Ku kuma da kuka tsaya a bakin taswirar nan kuna yara, ban ce ku kawo mata atamfa ba. Malamai, ku koyi fita da yara daga aji. Sauran ku zo ranar Asabar da hantsi, da kayan da ba kwa tausayi. Makuba na jiƙe a gidana. Malama za ta nuna, ni zan yi faɗa, ku ku durƙusa.

Idan babu wanda ya zo, Malama, ni zan zo. Da ma mu biyu muka fara.