Gwaggo Hajo da Layin da Aka Toshe

Duk mai shirin matso da katangarsa cikin hanya, ya dakata ya karanta wannan kafin ya kira magini.

Ina shanya da hantsi aka aiko mini cewa Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina, ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba a gado ta cika ba. A cikin baro ta cika, ɗanta Sanusi yana turawa, yana neman inda zai ɓulla titi.

A tsohon garin Anka ta tashi, inda kowane lungu yake kai mutum wani lungun. Da ƙafa take zumuncinta. Kafin azahar ta duba mai jego, ta yi gaisuwar mutuwa, ta ajiye wa wata daddawa, duk ta ƙofofin baya. Takan ce, "Gidan da ba a ratsawa, ni ban kiran shi gida."

Da gari ya faɗaɗa, Sanusi ya sayi fili a bayan gari ya ɗauke ta. Can an yanka gonaki an sayar, kowa ya gina yadda ya ga dama. Wannan ya ci hanya da shago, wancan da masai. Layinsu mafita biyu gare shi, sai wani maƙwabci ya haɗe ɗaya da gidansa. Gwaggo ta same shi ana tsaka da gini, ta ce, "Ɗana, ka bar ma makara wurin juyawa." Ya yi dariya ya ce, "Inna, ai ba yau za mu mutu ba."

Ranar da ta faɗi, motar da aka kira ta zo da wuri. Ta tsaya can nesa, direba yana jin kukan mata ta bayan katanga, babu ta inda zai shiga, don mafitar da ta rage ta yi wa mota ƙunci. Ajali na Allah ne, na sani. Amma toshe hanya aikin mutum ne, kuma mai katangar har da shi a sahun gaba wajen sallar gawa.

Allah Ya gafarta mata, Ya yalwata kabarinta. Allah Ya ba Sanusi da ƙannensa haƙuri.

Na tara 'ya'yana bayan addu'ar uku na gaya musu: wanda ya sayi fili a cikinku, sai na ga mota ta shiga layin ta fita ta wancan ɓangaren kafin ya aza tubali. In ya ƙi, ya gina, amma ƙafata ba za ta taka gidan ba.